Ruwan da Ya Kashe Kabar Giwa

Ni na kashe kabar giwar matata. Da ruwa na kashe ta, a bazarar da aka kai matata Damagaram saboda ciwon ƙafa.

Garinmu yana tsakanin Tanut da Olelewa, ba a bakin kwalta ba. Rijiya guda gare mu, mai zurfi. Aikina jan ruwa. Ni nake tsayawa a bakin rijiya, abokin aikina ya kora raƙumi da igiya har wasaki, babban gugan fata, ya fito, in tare shi in juye a komi, dabbobin mutane su sha. Ban yi lakwal ba, wato boko. Kafin in fara wannan aiki ubana yana da shanu. Fari ya zo ya kwashe su muna kallo. Na ga saniya tana lasar busasshiyar laka. Na ga maraƙi yana tsotson uwarsa, ita kuwa ta mutu tun jiya. Daga nan abu guda na riƙe: duk abin da ka ga ya yi yaushi, ƙishirwa ce, ka ba shi ruwa. Shekara arba'in ina aiki da wannan, bai taɓa ba ni kunya ba.

Matata daga kudu aka kawo mini ita. Cikin kayanta har da wani ɗan tsiro naɗe a tsumma, babu ƙasa, babu ruwa, ya kwana huɗu a hanya. Na ce ai wannan ya mutu. Amarya ce, ba ta amsa ba. Ta nemi wata fasasshiyar tukunya ta cika da rairayi da tsakuwa, ta dasa shi, ta ajiye a gindin darni wajen gabas. Bai mutu ba.

Ita ce kabar giwar. Mutanen birni yanzu alobera suke ce mata. Uwar matata zabuwa take cewa, saboda ɗigo-ɗigon fari da ke jikin ƙananan ganyen. Ba ta da icce, ba ta da reshe. Ganye ne masu kauri suke fitowa daga gindi guda suna zagaye juna, da ƙaya marar ƙarfi a gefe-gefe. In ka yanka, ruwa iri biyu ne. Na farko rawaya ne, daga ƙarƙashin ɓawo yake tsatsowa, ɗacinsa ya fi na maɗaci. Akuya ma ba ta kusantar ta saboda shi. Na biyu yana can ciki, garau, mai yauƙi kamar kuɓewa, mai sanyi. Sau ɗaya kaɗai na ga ta yi fure a gidana. Wata shekara da sanyi ta fitar da dogon kara daga tsakiya, da furanni rawaya a kai, ƙananan tsuntsaye suna zuwa. Matata ta hana yara wasa a wajen har furen ya bushe.

Ƴaƴanmu shida, dukansu da kabar giwar aka yaye su. Matata ta shafa ruwan rawayan a nono, yaro ya kama, ya saki, ya kalle ta kamar ta ci amanarsa. Kwana biyu ya haƙura ya koma kunu. In kaji suka fara gyangyaɗi, ta daka ganye ta zuba musu a ruwan sha. Wasu su tashi, wasu su mutu, ban san ko ita ce ba. Ni kaina in igiya ta saɓule mini fatar hannu, sai ta yanko ganyen ƙasa, wanda ya fi tsufa, ta jingina shi har rawayan ya tsiyaye, ta fere, ta ɗora mini na cikin. Zafin ya kwanta. Washegari in koma rijiya.

Tana da wata al'ada. Duk matar da ta zo neman ganye don yaye, in gindin ya yi ƴaƴa sai ta cire guda ta ba ta. Ba ta karɓar komai. Ta ce haka uwarta take yi.

Ban taɓa lura da yaushe take ba ta ruwa ba. Abin mata ne. Wani lokaci nakan ga ta juye ragowar buta a gindin. Da bazara ganyen yakan yi ja ya ƙanƙance. Na ɗauka tausayina take ji, ba ta son ɓarnar ruwan da na ja da ƙarfina.

Sai ciwon sukari ya kama matata. Tafin ƙafarta ya riƙa zafi kamar ta taka toka mai wuta. Kullum da yamma takan shafa na cikin ganyen, ta ce yana sanyaya mata. Daga baya ƙaya ta soke ta a yatsa. Ciwon ya ƙi rufewa. Ta sa kabar giwa, bai rufe ba. Aka kai ta Tanut, likita ya duba ya ce Damagaram za a je, kada a jira. Babban ɗanmu tela ne a can, ya zo ya ɗauke ta. Yaran duk sun watse, matan sun yi aure, mazan suna neman abinci. Ni kaɗai zan zauna.

Ranar tafiya, ana ɗaure kaya a amalanke, ta kira ni bakin darni, wajen tukunyar.

"Maigida, ga awaki, ga kaji. Ka san su. Wannan ita ce ba ka sani ba. Ka kula mini da ita."

"Ganye ne fa."

"Uwata ce ta ba ni. Kada in dawo in tarar da tukunya kaɗai."

"Ba za ki tarar ba."

Iyakar maganar ke nan. Amalanke ya tafi.

Washegari na tsuguna na duba kabar giwar da kyau, karo na farko a shekara talatin. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Ganye ja, sirara, bakinsu a bushe. Rairayin ciki kamar na hanya. Na zuba ruwa, kafin in miƙe ya zurare ta tsagar tukunya ya bi ƙasa. Mai jan ruwa ba ya iya kallon yoyo. Na ce wannan baiwar Allah wahala take sha tun da can, yanzu da take hannuna za ta huta.

Na samo bokitin roba lafiyayye, marar huda ko guda. Na je busasshen tabki na haƙo baƙar laka, irin mai riƙe ruwa, na cuɗa da kashin awaki. Na tumɓuke ta daga tukunyar. Saiwarta gajera ce, ba ta shiga ƙasa sosai. Na ce shi ya sa ba ta samun ruwa. Na binne ta da zurfi, ita da ƴaƴanta uku, har laka ta kai wuyan ganye. Na ɗauke ta daga rana na kai ta inuwar rumfa. Safe da yamma ina ba ta ruwa, kwano guda cike.

Kwana goma ta yi kore shar. Ganyen suka kumbura suna sheƙi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Abokin aikina wani tsohon Buzu ne, shekara ashirin muna tare. Ya ga ina ɗaukar ƙarin bido, jarkar ruwa, kullum.

"Kai Bahaushe, matarka ba ta yi wata da tafiya ba har ka yi amarya? Wa ke shan wannan ruwan?"

"Shuka ce."

"Shuka! A bazara? Kankana ka shuka ko shinkafa?"

"Kabar giwa."

Bai san ta ba. Ya ce in ta yi ƴaƴa in kawo masa ya ɗanɗana. Ya ja raƙuminsa yana dariya.

A garinmu sai an hau tudu ake samun rezon waya. Ranar Juma'a bayan masallaci nakan hau da salula in kira ɗana, ya miƙa wa uwarsa. Muryarta ba ƙarfi, maganar ba ta tsawo. Ta tambayi awaki. Ta tambayi kabar giwa. Na ce tana nan, har ta yi ƙiba. Ta ce to, madalla. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Na so ta gani da idonta.

A sati na huɗu ganyen ƙasa suka fara kwantawa. Na taɓa, sun yi laushi. Koren ya koma ruwan ɗorawa. A wurina yaushi ne. Rana ta yi tsanani a kwanakin nan, har awaki ba sa fita daga inuwa. Na ƙara mata na tsakar rana, ya zama sau uku. Wata rana igiya ta tsinke, ba mu ja ruwa sosai ba. Abin da na kawo gida na raba wa awaki da kaji da ita. Ni na yi taimama.

Matar yayana marigayi ita ke aiko mini da tuwo. Tsohuwa ce mai baki, tun ina saurayi take tsokanata. Ta yi wata guda ba ta nan, ta je wankan jegon ƴarta. Ranar da ta dawo ta shigo gaishe ni da hantsi, ta tarar da ni riƙe da kwano a rumfa.

"Mijina ƙarami, an bar ka da kaji. Me ke wari a nan? Ɓera ya mutu maka?"

"Ban ji wari ba."

"Hancinka ya saba da raƙumi." Sai idonta ya kai kan bokitin. Ta daina dariya. "Wannan mece ce?"

"Kabar giwarta ce. Na sake mata wuri."

Ta durƙusa ta kama ganye guda da yatsa biyu. Ba ta ja ba. Ya biyo hannunta. Gindinsa baƙi, ya narke kamar ruɓaɓɓiyar albasa. A lokacin na ji warin.

"Innalillahi. Sau nawa kake ba ta?"

"Sau uku yanzu."

"A wata?"

"A rana."

Ta zauna daɓas a ƙasa ta riƙe haɓa.

"Kai, saniya ce? Wannan ruwanta yana cikinta, shi ya sa ganyen ke da kauri. Matarka sai ta yi sati biyu ba ta ɗiga mata ba. Tsagar tukunyar nan da gangan ne, don ruwa ya wuce. Ka jiƙa ta kamar gero za ka yi kunu."

"Ta yi ja lokacin da na karɓe ta."

"Ja lafiyarta ce a bazara! Damina ta zo ta koma kore. Me ya hana ka tambaya?"

Wa zan tambaya yadda ake ba abu ruwa? Ni ake tambaya.

Muka juye bokitin. Laka ta fito kamar kwaɓin gini. Ta ce in kawo wuƙa. Ta riƙa yanke ruɓar daga ƙasa tana neman inda ya rage fari, ta ce in an samu, a shanya a inuwa kwana kaɗan, wataƙila ta sake saiwa. Ta yanka, baƙi. Ta ƙara, baƙi. Har ta kai tsakiya inda sabon ganye ke fitowa, nan ma ya narke. Ƴaƴan uku da na binne tun tuni sun zama laka. Ta share wuƙar a ƙasa ta miƙo mini.

Ganye huɗu suka rage da ɗan ƙarfi a samansu. Na ce zan dasa su. Ta ce ganye ba ya tsira, sai ɗa mai gindi. Na dasa duk da haka, a busasshen rairayi. Sati guda suka shanye.

Juma'a ta zo na hau tudu. Ɗana ya ce an cire wa uwarsa yatsu biyu. Ya miƙa mata.

"Maigida, ɗaya ƙafar ma ta fara zafi. Ka yanko mini ganye biyu na ƙasa, ka ba direban motar kasuwa."

Na ji ɗana yana cewa, "Inna, akwai ta a nan wajen masu sayar da furanni, yanzu sai in kawo miki."

"Ba ta kasuwa nake so ba. Tawa nake so."

Na ce to.

Matar yayana ta ce in bi waɗanda aka ba ƴaƴanta. Iri guda ne, gindi guda. Ita tata ta mutu tun shekarar da ɗakinta ya faɗi a kai. Na fara bi gida-gida. Tsoho da furfura yana sallama a ƙofar mutane yana tambayar matan gida ganyen yaye. An yi mini dariya. Wata daga bayan darni ta ce, "Baba, wa za ka yaye?" Na tsaya har ta gama. Ta ce tata jaki ya tattake. Wata ta ce sun tafi cin rani sun dawo ba su same ta ba. Wani gida na tarar a rufe, mutanen sun tafi arewa shekara uku. Gida takwas na shiga. Babu.

Sai matar yayana ta tuna da wata Bafillatana da ke kawo mana nono a da, an ba ta ɗa guda lokacin da za ta yaye ɗanta na fari. Sun daɗe da barin wajenmu. Na bar wa Buzu rijiya, na bi motar kasuwa zuwa Belbeji. A wajen masu sayar da dabbobi na yi ta tambaya har aka ce mini suna wajen Tenhiya. Na sake shiga mota, sauran na ƙarasa a ƙasa. Kwana uku ke nan daga gida.

Ta gane ni tun daga nesa.

"Baba mai rijiya! Lafiya? Ina uwar ɗakina?"

Na faɗa mata duka, a tsaye. Ba ta yi dariya ba. Ta kai ni bayan bukka. Kabar giwar tana nan cikin wani tsohon kwano da aka huhhuda da ƙusa, a rana tsau. Ja, siririya, ƙura a jikinta. Daidai yadda na karɓi tawa.

"In za mu tashi a bayan jaki nake ɗaure ta," in ji ta. "Rabonta da ruwa tun kafin azumi."

Ɗa guda ne a gindinta, bai fi yatsana ba. Ta tona da tsinke ta ɓalle shi. Ta yanko mini ganye guda na ƙasa, ta ce biyu zai yi mata yawa.

"Baba, ka ji. Kwana uku a inuwa, kada ka dasa. In ka dasa, sati guda kada ta ga ruwa. Bayan nan sai ka tura yatsa cikin rairayi, in ka ji sanyi ko kaɗan, ka tashi ka ba ta wuri. In hannunka ya matsa maka, ka je ka ba jaki."

Ban ba direba ba. Ni na kai ganyen Damagaram da kaina, naɗe a tsumma. Kafin in isa an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na same ta a gidan ɗanmu, a kan katifa a tsakar gida, an rufa mata zane. Ta rame. Na zauna a tabarma na miƙa mata. Ta warware tsumman ta juya ganyen a hannu.

"Wannan siriri ne. Ka ce ta yi ƙiba."

"Ta mutu. Ni na kashe ta. Wannan daga wajen Bafillatanar nan ne, wadda kika ba."

Ta lakaci bakin yankan da yatsa ta sa a harshe. Ta yamutsa fuska.

"Ita ce," ta ce. Can kuma ta ce, "Mantawa ka yi da ita?"

"Ban manta ba. Ruwa na ba ta. Safe da yamma. Daga baya har da rana."

Ta dube ni. Sai ta fara dariya, tana riƙe ciki, har matar ɗanmu ta leƙo daga madafa.

"Safe da yamma! Shekara talatin ina gidanka, ni ban taɓa samun safe da yamma ba."

Dariyar ta koma wani abu. Ta rufe fuska da zane. Na zauna ina kallon ƙasa. Da ta buɗe ta ce, "Laifina ne. Na ɗauka kana gani." Na ce ba laifinta ba ne. Na nuna mata ɗan da ke aljihuna. Ta auna shi da yatsarta ta ce sai ya shekara biyu ko uku kafin a yanki ganyensa. Ta ce in mayar da shi gida, cikin tukunyar da, a gindin darni wajen gabas. Ta ce a nan za ta same shi.

Ganyen ya yi mata kwana biyar, kaɗan-kaɗan take yanka. A fita na tambayi ɗana yaushe za ta dawo. Ya ce allurarta kullum ce, kuma sai an ajiye ta a sanyi, garinmu babu wuta. Na ce wannan na ji, yaushe za ta dawo? Ya ce, "Baba, sai yadda Allah ya yi." Na tambaye shi ɗaya ƙafar. Ya ce likita yana dubawa.

Yanzu ina gida. Na bar rijiya, gwiwata ba ta tsayuwa, Buzu ya sami wani. Tukunyar tana gindin darni da tsagarta, cike da rairayi da tsakuwa. Ɗan yana ciki wata biyar ke nan. Ganye huɗu ya zo da su, huɗu ne har yau. Bai ƙaru ba, bai mutu ba. Ja ne. Kowace safiya ina tura yatsa cikin rairayin, in zauna kusa da shi da buta a hannu, in tashi in juye wa kaji. Ranar Juma'a ina hawa tudu. Ta tambaya, in ce yana nan. Ta ce ja ko kore. In ce ja. Ta ce to, ka bar shi.